Kira ga Ɗaliban Adar: Ku Dawo Gida, Iyayenmu Mata Suna Jiran Iliminku

Ƴan uwana ɗalibai, maza da mata, ƴaƴan Keita da Buza da Madawa. Ina nufin ku da kuke Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da ta Abdou Moumouni a Yamai, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da Jami'ar Musulunci ta Sayi, har da waɗanda neman ilimi ya kai Sakkwato ko Zariya ko Kano ko bayan teku. Da ku nake, kuma roƙo ɗaya na zo da shi: hutun da ke tafe, ku ba da shi ga matan garuruwanku da ke faɗi-tashin neman na tuwo ba mai tallafa musu. Ku ba su lokacinku da alƙalaminku da abin da kuka koyo, ba tare da kun jira ko dala ba. Akwai bashinsu a wuyanku, kuma lokacin biya ya yi.

Wanda ke tambayar wane bashi ne wannan, ya tsaya mu tuna tarihin ƙasar da muke takawa.

Farin 1973 da na 1984 sun bar Adar tsirara. Itatuwa suka mutu, dabbobi suka ƙare, faƙo ya mamaye tudu. Ruwan sama in ya sauko sai ya gangaro daga kan duwatsu da ƙarfi, ya tsaga kwari, ya kwashe ƙasar noma ya wuce. Majiya ƙarfi suka fita biɗa, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Cikin wannan hali aka buɗe babban aikin raya karkara na Adar-Dutsi-Majiya a 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, da kuɗin gwamnatin Italiya da jagorancin hukumar FAO, ita kuma hukumar abinci ta PAM tana biyan ma'aikata da abinci. Shi ne wanda kowa ya sani da Furoje Keita. To, su wa suka yi aikin? Mafi yawansu mata ne. Su suka riƙe diga da shebur, suka haƙa ramuka a jikin tsauni, suka ɗauko duwatsu a ka suka jera, suka ɗebo ruwa suka shayar da dashe, wata da goyo, wata da ciki, ladar yininta kuwa rabon abinci ne da za ta kai gida a ci. Da hannuwansu aka farfaɗo da ƙasa fiye da hekta dubu 34, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, aka yi madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyi da makarantu. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak. A kwarin Majiya ma, tun 1975, mutanen gari da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka jera layukan dogon yaro masu tare iska, gonakin da ke bushewa suka sake ba da gero.

Gonar da ta ciyar da ku kuna yara, da inuwar da kuka zauna kuka yi hadda, da hanyar da mota ta bi ta fitar da ku zuwa Tawa ranar da kuka tafi karatu, duk akwai zufar waɗannan mata a ciki. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Wasu suna nan, ƙarfi ya ƙare, baya ya ranƙwafa. Ƴaƴansu da jikokinsu mata kuwa sun gaji irin wannan ɗawainiya, ba su gaji rabon abincin ba.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Keita da Buza da Madawa sun haura miliyan 1 da dubu 300, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Kowa ya san yadda garuruwanmu suke zama da zarar an ɗaure damman gero: samari da magidanta su kama hanya, a bar gida hannun mata da tsofaffi da yara har faɗuwar ruwa. A da, ana cewa kuɗin biɗa zai rufa asiri. Yau wannan igiya ta yi rauni. Libiya ba ta koma yadda take ba tun 2011. Aljeriya tana kwaso mutanenmu tana zubewa a bakin iyaka wajen Assamaka. Naira ta faɗi, abin da mai gida ya aiko daga Legas ko Kano in an canza shi ba ya kai abin da yake kaiwa a da. An rufe iyakarmu da Najeriya bayan watan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, duk wanda ke da albasa ko dabba ta sayarwa ya ji a jikinsa. A kowane irin wannan tsanani, mace ce ke tashi da asuba tana tunanin abin da za a ɗora bisa murhu.

Ku dubi gidajen unguwarku ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Akwai bazawarar da ta dawo gidan iyaye da yara, iyayen ma neman taimako suke. Akwai wadda mai gidanta ya yi shekaru a waje, ba aike ba labari. Akwai gyatumar da ke riƙon jikoki, da mai lalurar ƙafa ko ta ido, da yarinyar da aka cire daga makaranta ba a koya mata komai ba, da ƴan uwanmu da ƴan bindiga suka koro daga ƙasar Sakkwato suka samu mafaka wajen Bangi. Waɗannan su nake nufi, kuma kun san su da sunayensu.

Kada wani ya ɗauka zaman banza suke yi. Matar Adar ba ta san zama ba. Tana saƙa tabarmar kaba irin wadda ta fitar da sunan Madawa. Tana matse man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙuli. Tana yanka tumatir ta shanya kauɗa, tana haɗa gabu, tana tsinkar zogale, tana turke rago don layya, tana dama fura, tana dashe da cirar albasa a fadamun Tarka da na Tamaske. Sana'a tana hannunta, ƙwazo yana jikinta. Abin da ke damunta shi ne tana zuba ruwa ne cikin tulu mai yoyo, yoyon kuwa wuri huɗu yake: lissafi, ajiya, kasuwa da takarda. Dukkan huɗun, ku aka koya wa yadda ake toshe su.

Mu fara da lissafi. Iyayenmu da dala suke ƙirga kuɗi, takarda da waya kuwa da faran suke magana. Abin da inna ke kira dala ashirin, 100 aka rubuta a jikinsa. Dala ɗari ita ce 500. Jika biyar ita ce 5000. Saƙon kuɗi zai shigo wayarta, sai ta nemi yaron da zai karanta mata, kuma duk abin da ya faɗa shi ke nan. Koya mata karanta lambobi goma da juya faran zuwa dala aikin ƴan kwanaki ne, amfaninsa kuwa har ƙarshen rayuwa. Bayan wannan sai babban darasi, wato raba uwar kuɗi da riba. Mai ƙuli-ƙuli takan ƙirga kuɗin gyaɗa, amma ta manta da icce, da kuɗin niƙa, da kuɗin motar zuwa kasuwa, da wanda yara suka ci, da wanda maƙwabciya ta karɓa bashi. Sai a wayi gari jari ya narke, ta ce sana'ar ba ta karɓe ta ba. Kai ɗalibin tattalin arziki, ke ɗalibar kasuwanci, ku zauna bisa tabarma ɗaya da ita, ku bi kuɗinta dala bayan dala har ta ga inda suke zurarewa da idonta. Wadda ta yi makarantar allo ta san baƙaƙen ajami, ku rubuta mata da su. Wadda ba ta yi ko ɗaya ba, zane da alamomi sun isa a fara.

Na biyu, ajiya. Da kaka ake sayar da gero da wake da arha saboda bashi da bukatun gida sun matsa, da damina kuma a dawo a sayi tiya ɗaya da tsada daga hannun wanda ya ajiye. Waken da aka so a ɓoye, ƙwari su mayar da shi gari. Alhali akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Akwai tsarin da ake kira warantaji, wanda aka daɗe ana aiki da shi a Nijar da taimakon FAO: ƙungiya ta tara amfanin gonarta a ɗaki ɗaya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannunta, ɗaya hannun mai ba da rance, ta karɓi kuɗin yin sana'ar rani, in farashi ya tashi ta sayar ta biya, saura ya zama nata. Albasa ma haka take. Lokacin cira kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas, bayan ƴan watanni ya yi tsada. Wanda ya san a tsayar da ban ruwa kafin cira, a bar ta ta sha iska, a ware mai rauni, a gyara rudu yadda iska za ta ratsa kuma damshi ba zai taɓa ta ba, shi ke cin wannan tsada. Ɗaliban aikin gona da na kiwo, a nan ake son ganinku. Ku nuna yadda ake haɗa harawa da dusa ga ragon turka, da lokacin rigakafi, da yadda ake shanya kauɗa nesa da ƙasa da ƙura don ta yi ja, ta yi daraja a kasuwa.

Na uku, kasuwa. Mace ta kwashe kwanaki tana saƙa tabarma, mai saye ya zo ƙofar gida ya yanka mata kuɗi, ta karɓa don ba ta san nawa ake sayarwa a Tawa ko Ƙonni ko Yamai ba. Dillali yana da aikinsa, ba faɗa da shi nake kira a yi ba. Amma ciniki ba ya zama adalci sai kowane ɓangare ya san farashi. Hukumar SIMA tana tattara farashin kasuwannin ƙasar nan, majalisar manoma ta RECA tana amsa tambayoyin manoma da Hausa ta waya, ku kuma wayoyi suna hannunku dare da rana. Ku zama kunnuwan iyayenku. Ku koya musu su haɗa kayansu su sayar a dunƙule, domin mai tabarma hamsin tana iya cewa albarka, mai tabarma ɗaya kuwa da wuya. Ku taimaka a zuba gabu da kauɗa da garin zogale cikin mazubi mai tsabta, da sunan ƙungiya da lambar waya a jiki. Ku ɗauki hoton kayan ku tura wa ƴan garinku da ke Yamai da Agadas da Abijan ta WhatsApp. Ku da kanku ku zama masu saye na farko, ku tafi da shi makaranta ku tallata.

Na huɗu, takarda, kuma a nan ne aka fi cutar mace ba ta sani ba. Wadda ba ta da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, ba za ta buɗe asusu ba, ba za ta karɓi aiken kuɗi da sunanta ba, kuma duk rajistar tallafi za ta wuce ta. Ƙungiyar da ba ta da rajista, komai yawan matanta, ba ta da baki a ofis. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a 2010, ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiya mai cikakken matsayi. Mata nawa suka san haka a Garhanga ko Tabotaki ko Urno? Sai maganar ƙasa. Sau da yawa akan ba mata aron faƙo da baki kawai, su yi rabin-wata, su haƙa tassa, su zuba taki, ranar da wurin ya yi kore mai shi ya tuna da kayansa. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaidar aro ko kyauta ko saye. Ɗalibin shari'a, ka raka su, ka karanta musu, ka tabbata an rubuta shekarun aron kuma shaidu sun sa hannu. Ɗalibin Sayi, ka zauna da malaman gari cikin ladabi ku tunatar da mutane cewa rabon mace a gado, har da gona, haƙƙi ne da Allah ya yanka mata, cin sa kuwa zalunci ne.

Wani zai ce, mu yara ne, me za mu iya? Ku saurari abin da ya faru a Bangaladash. Bayan yunwar 1974, wani malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong mai suna Muhammad Yunus ya fita da ɗalibansa zuwa ƙauyen Jobra da ke jikin makarantar. Suka bi gida-gida suna tambaya. Suka tarar da mata masu saƙa kujerun gora, waɗanda ke karɓar kuɗin kayan aiki hannun ƴan kasuwa bisa sharaɗin su sayar musu da abin da suka saƙa a farashin da aka yanka musu. Da aka haɗa lissafi, mutum 42 dalar Amurka 27 kacal suke bukata su fita daga wannan ƙangi. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, ya tsaya da ƙafarsa a 1983, a 2006 aka ba shi da wanda ya kafa shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Farkon abin dai ɗalibai ne da littafin rubutu da kunnen saurare.

Ba sai mun je nesa ba ma. A jihar Maraɗi aka haifi tsarin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon CARE. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya, a rufe cikin akwati, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta mayar, ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba. Ba kuɗin Bature a ciki, guminsu ne kawai. Yau ana koyi da wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, asalinsa kuwa matan Hausa ne da ba su shiga aji ba, waɗanda suka riƙe lissafinsu da ka. Saboda haka in kun isa gari kun tarar da asusu ko adashi yana tafiya, ku girmama shi, ku ƙarfafa shi, kada ku rushe shi don ku kafa naku. Inda mata ke ƙyamar rance saboda tsoron kuɗin ruwa, damuwarsu gaskiya ce, ku nemi malamai a tsara hanyar halal, kamar ƙungiya ta sayi kaya ta sayar wa mai bukata da riba sananniya, ko a haɗa jari a raba riba da asara. Kuma kada ku yi gaggawar tura kowa ga bashi. Wadda ba ta san ribarta ba, rance ƙarin nauyi ne a kanta. Lissafi tukuna, sannan tanadi, sannan rance.

Ku ƴan uwana mata ɗalibai, rabonku a wannan aiki ya fi na kowa. Ku kuke shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji zai tsaya a zaure. Ku za a faɗa wa abin da ba a faɗa wa namiji. Kuna da abin koyi a tarihinmu: Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi cikin wannan jiha tamu, ta tsara ƴan taru, ta naɗa jajoji suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har gida. Matan Nijar kuma sun fito a Yamai ranar 13 ga Mayun 1991 suka nemi a ba su wurinsu a shirin babban taron ƙasa, shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Yarinyar ƙauye da ta ga ƴar unguwarsu ta dawo daga jami'a, ta zauna da gwaggo da iya tana koya musu cikin kunya da ladabi, ta samu dalilin zama a makaranta, ubanta ma ya samu dalilin barin ta.

Ku kuma maza, tarihin ɗaliban ƙasar nan ya san ku da tsayuwa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, jininsu yana cikin abin da ya buɗe ƙofar babban taron ƙasa. Wannan ƙarfin zuciya da kuke fitowa da shi in an taɓa haƙƙinku, ku fito da shi don haƙƙin wadda ba ta da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunta.

Ga yadda nake ganin a kama aikin. Ƙungiyoyinku na ƴan gari ɗaya da ke kowace jami'a su zauna tun kafin a tashi hutu. A rarraba bisa gundumomi: Keita, Tamaske, Ibohaman, Garhanga, Buza, Karofan, Allakai, Babban Katami, Dewule, Tama, Tabotaki, Madawa, Bangi, Sabon Gida, Galma, Azarori, Urno. Kowane rukuni ya zama mutum huɗu ko biyar masu karatu daban-daban, da mata a ciki, da mai jin Tamajak ko Fulatanci inda ake bukata, don kada a tsallake matan Abzinawa da na Fulani. In kun isa, ku fara da gaisuwa: fadar sarki, gidan mai gari, liman, shugaban gunduma, sannan mazajen matan da za ku yi aiki da su. Damina ce, maza suna gida, ku yi amfani da wannan dama ku fahimtar da su, domin abin da mai gida ya sa wa albarka shi ke ɗorewa bayan tafiyarku. Makon farko, saurare kawai. Ku tambayi inna abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya, kada ku zo mata da amsa kafin ta yi magana. Ku bi lokacinta, bayan ta dawo gona, bayan la'asar. Ku kama ƙungiya ɗaya da matsala ɗaya, ku kai ta ƙarshe.

Akwai kuma abubuwan da za ku kiyaye kamar wuta. Kada hannunku ya taɓa kuɗin asusunsu, ko da sun roƙe ku. Kada ku yi alkawarin wani furoje ko tallafi da ba ya hannunku, an sha yi musu haka, zukatansu sun gaji. Kada ku ɗauki hoton talaucin kowa ku watsa don a yaba muku. Kada ku shigo da rigimar siyasa ko ta aƙida. Kada ku yi musu magana da faransanci, kada ku gyara musu zance gaban jama'a. Wadda ke gabanku ta haifi kamarku, ku durƙusa ku gaishe ta. Kafin ku koma, ku koya wa yarinya ɗaya ko biyu a garin riƙon littafi, don aikin ya zauna ko ba ku. Sannan ku waiwaya: ku kira ta waya lokacin kaka, ku leƙo a ƙananan hutu lokacin cirar albasa. Daga Tawa zuwa Keita bai kai kilomita 100 ba. In kun gama karatu, ku damƙa garin hannun ƙannenku da ke biye da ku. Zuwa ɗaya a ɓace, gara ba a je ba.

Na san halin da kuke ciki. Yawancinku ƴaƴan talakawa ne, kuɗin tallafin karatu kan yi jinkiri, wasunku da hutu suke noma ko neman na sabulu. Ban ce ku bar gonar mahaifinku ba. Gida dai za ku je ko ta yaya, abin da aikin ke ci kuwa littafi ne da biro da yammaci biyu ko uku a mako. Kuma ba za ku fito hannu wofi ba. Wanda ya zauna da masu sana'a ya ga yadda kuɗi ke shiga da fita, ya samu ilimin da allon aji ba ya bayarwa, ya samu abin rubuta kundin kammala karatu da zai amfani mutane. A lokacin da masu digiri suka fi guraben aikin gwamnati yawa, da dama cikinku a nan za su gano abincinsu, a sarrafa albasa, ko fataucin kauɗa, ko kiwo. Sama da duka akwai ladar Allah, wanda ya girmama matsayin mai ɗawainiya da gwauruwa da maraya da miskini.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kirana bai tsaya kan ɗalibai ba. Shugabannin jami'o'i da malamai, ku lissafa wannan aiki cikin horon da ɗalibi ke yi kafin a ba shi takarda, ku ba su jagora kafin su fita. Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, ku karɓe su ku sa musu albarka, ku tsaya a rubuta wa mata takardun filayen da aka ba su. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku faɗa a huɗuba da wajen wa'azi cewa neman halal ɗin mace mutunci ne. Shugabannin gundumomi, ku buɗe musu aji ɗaya da hutu, ku sauƙaƙa fitar da takardu. Alhazan Tamaske da Madawa da Buza, wanda Allah ya buɗa masa ya ɗauki nauyin littattafai da buhunan ajiya da kuɗin mota, ya kuma sayi kayan matan garinsu da farashin gaskiya. Ƴan uwanmu da ke biɗa a ƙasashen waje, cikin abin da kuke aikowa ku ware wani abu ya zama jari, kada duka ya tafi a ci. Magidanta, wadatar matarka rufin asirin gidanka ne, ka ba ta izini ka kuma bar mata abin da ta samu. Ku kuma iyayenmu mata, in yaran nan sun zo ku karɓe su, ku faɗa musu gaskiyar halinku, ku tambaye su ba kunya, naku ne.

Mu mutanen gayya ne. Kakanninmu ba su bar gonar mara lafiya ta kwana ba noma ba, ƙungiyar samariya ta gina azuzuwa da hannunta ba a biya ta ba. Wannan gayyar taku ce, ɗaliban Adar, kayan aikinta kuwa ilimin da ke kanku. Kada ku jira wata ƙungiya daga waje, kada ku jira a kira taro a Yamai. Yau ɗin nan, ka kira ƴan garinku huɗu ku sa ranar zama. Ki kira gida ki tambayi sunan shugabar asusun unguwarku. Ku rubuta sunan garin da kuka ɗauka da ranar da za ku isa, ku riƙe alkawari. Ku tashi ku dawo gida ku yi wa iyayenku mata aiki tun suna raye. Allah ya ba ku iko, ya sa albarka a karatunku, ya rufa wa matan Adar asiri.